Makin JAMB Bai Kai Ba, Kuma Kasuwanci Kake Son Karantawa? Saƙo Ga Ƙannenmu Na Karaye Da Rogo



Duk shekara idan hukumar JAMB ta saki sakamako, mu da muka riga muka shigo foli mu ne ake yi wa tambaya daga gida. Tambayar kuwa kusan iri ɗaya ce: "Yaya, 148 na ci, kuma kasuwanci nake so in karanta. Shi ke nan na rasa bana?" Wani ma ba ya tambaya, sai ya naɗe takardar ya jefa a akwati ya koma gona. Wata kuma a ce mata ta zauna sai baɗi, baɗin da galibi ba ya zuwa.

Ni ɗan yankin Karaye ne, ina karatun babbar difloma a fannin gudanar da kasuwanci, kuma makin da na shigo da shi bai kai 170 ba. Na rubuta wannan ne domin wanda mujallar nan ta zo hannunsa ya kai ta gida lokacin hutu, ya miƙa wa ƙaninsa ko ƙanwarsa a Karaye, Yammedi, Kurugu, Rogo, Zarewa, Beli, Fulatan da sauran garuruwanmu. Abin da nake son su gane shi ne, ƙaramin maki yana rufe wasu ƙofofi na shekara ɗaya ne kacal. Abin da ya fi hana yaranmu gurbi shi ne rashin sanin yadda ake raba gurbin, da kuma jinkiri a lokacin da ya kamata a motsa.

Me makin yake nufi?

An kafa JAMB a 1978. Tun daga 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta shiga foli da kwalejin ilimi suka zama guda ɗaya, wato UTME, kuma daga 2015 aka koma rubuta ta a kwamfuta gaba ɗaya. Darussa huɗu ne, kowanne maki 100, jimilla 400. Tambayoyi 180 ne: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, a cikin awa biyu. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Ka ga yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ko da ya san karatun, lokaci zai iya cinye shi.

Sannan wanda ya ci ƙasa da 200 ya daina ganin kamar shi kaɗai ne. A 2025 kusan mutum miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar, kuma fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai 200 ba a sakamakon da aka fara saki. Wato a cikin kowane mutum huɗu, fiye da uku suna ƙasa da rabin makin. Manyan makarantun ƙasar nan kuwa kowace shekara suna cika da ɗalibai. To daga ina suke fitowa? Da yawansu daga cikin waɗannan ne.

Mafi ƙarancin maki kala biyu ne

A nan ake yawan rikicewa. Akwai mafi ƙarancin makin da ake tsayarwa a taron da JAMB ke yi da shugabannin makarantu duk shekara, galibi a tsakiyar shekara. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, 100 ga foli da kwalejojin ilimi. A taron Yulin 2025 aka ɗaga na jami'o'i zuwa 150, na foli da kwalejojin ilimi ya zauna a 100. Ma'anar wannan adadi ita ce ba makarantar da aka yarda ta ɗauki wanda ya gaza shi. Bai zama alkawarin cewa duk wanda ya kai shi za a ɗauke shi ba.

Na biyu shi ne wanda kowace makaranta take sa wa kanta, wanda muke kira katof. Makaranta tana da damar ta ɗaga nata sama da na ƙasa baki ɗaya. Manyan jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya sun saba sa nasu a wajen 180, kuma a cikin jami'ar ma kowane sashe yana da nasa gwargwadon yawan masu nema. Don haka mai 155 ya haye na ƙasa, amma in ya bar Bayero a matsayin zaɓinsa na farko, sunansa ba zai ma shiga jerin waɗanda za a duba ba. Zai yi ta jira har a rufe ɗaukar ɗalibai, alhali da makin nan nasa foli za ta iya duba shi.

Wani abin kuma, ba makin JAMB kaɗai ake kallo ba. Makarantu da yawa suna haɗa shi da sakamakon sakandare ko jarrabawar tantancewa. Wasu kan raba makin JAMB gida takwas domin ya koma kashi 50, sauran 50 ɗin su ɗauko daga ɗaya ɓangaren. A irin wannan lissafi mai 200 yana da 25, mai 160 yana da 20. Ka ga tazarar 40 ta koma 5. Idan mai 160 ɗin yana da B a Lissafi da Tattalin Arziki, ɗayan kuma C6 ya jera, ba abin mamaki ba ne ya wuce shi. Kowace makaranta da irin lissafinta, shi ya sa ake karanta sanarwarta kafin a yanke hukunci.

Me ya sa gurbin kasuwanci yake da wuya?

Mutane suna ɗauka kwasa-kwasan kasuwanci su ne masu sauƙin samu. Ba haka abin yake ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi cewa a jami'o'i kashi 60 na gurabe na kimiyya ne, 40 na sauran fannoni. A foli kuwa kashi 70 na fannonin fasaha ne, 30 kawai na irin namu. Ga shi kuma duk wanda ya yi ajin kasuwanci ko na adabi a sakandare nan yake nufa. Wuri kaɗan, mutane da yawa, dole maki ya hau.

A cikin fannin ma ba duka suke ɗaya ba. Gudanar da kasuwanci, akanta da gudanar da mulki su ne kowa ya sani, su ake yi wa rububi. Akwai kuma harkar banki da kuɗi, tallata haja, sayayya da adana kaya, ƙungiyoyin gama-kai, da fasahar gudanar da ofis. A difloma ta farko darussa da dama iri ɗaya ake yi a waɗannan sassa: ƙa'idojin akanta, tattalin arziki, lissafin kasuwanci, dokokin ciniki da koyon sana'a. Wanda makinsa ya yi ƙasa, hikima ita ce ya tambayi wane sashe ne masu nemansa ba su yi yawa ba a makarantar da yake so. Ɗan Rogo da iyayensa ke cikin ƙungiyar manoma, ai karatun gama-kai ko na sayayya da adana kaya ba baƙon abu ba ne a wurinsa.

A jami'o'in tarayya akwai wani rabon kuma: kashi 45 cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko. Kano tana cikin wannan jeri na ƙarshe. Shi ya sa takardar shaidar ƙaramar hukuma take da muhimmanci. A je sakatariyar Karaye ko ta Rogo a karɓe ta da wuri, kuma a tabbata jiha da ƙaramar hukumar da aka cike a fom ɗin JAMB sun yi daidai da ita.

Sakamakon sakandare ya fi makin JAMB tsawon rai

Makin JAMB na shekara ɗaya ne, in ta wuce ya mutu. Sakamakon WAEC, NECO ko NABTEB kuwa shi zai bi ka har digiri na biyu. Domin karatun kasuwanci galibi ana neman kiredit biyar, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, kuma a cikinsu a samu Turanci da Lissafi. Sai Tattalin Arziki ko darasin Kasuwanci, sai biyu daga irin su Akanta, Gwamnati da Labarin Ƙasa. Kiredit daga A1 zuwa C6 ne. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko wa ya ce maka za a yi haƙuri da su.

Ga gaskiya mai ɗaci: mai 250 da D7 a Lissafi ba shi da gurbi a wannan fanni, mai 140 da kiredit biyar cif yana da hanya. Don haka kafin a yi kukan JAMB, a fara duba wannan takarda. In akwai giɓi, akwai jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO da ake yi a ƙarshen shekara, a rubuta darasin da ya faɗi a haɗa zama biyu.

Sannan a duba darussan da aka zaɓa a JAMB ɗin kanta. Na gudanar da kasuwanci su ne Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki da wani darasi guda daga ɓangaren zamantakewa. Yara da yawa suna gudun Lissafi su sa wani abu a madadinsa, ko mai kafe ya zaɓa musu. Wanda ya yi haka ko ya ci 220 kwamfuta za ta tsallake shi a wannan kwas. Gara ya nemi kwas ɗin da ya dace da darussan da ya rubuta.

Abin yi a makonnin farko

Na ɗaya, canjin makaranta. JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas bayan fitowar sakamako, a ofishinta ko a cibiyar jarrabawa da ta amince da ita, da ɗan kuɗi kaɗan. Makarantu da yawa waɗanda suka sa su a zaɓi na farko kawai suke dubawa. In makinka na foli ne, mayar da foli zaɓi na farko tun kafin ta rufe rajistar tantancewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, kada a taƙaita ido a Kano kawai. Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano tana da makarantar nazarin harkokin gudanarwa a cikin birni, nan ne yawancinmu muke nufa. Amma ɗan Rogo ya san iyakarsa da Kaduna da Katsina take, Zariya ba ta yi masa nisa ba. Akwai Nuhu Bamalli a Zariya, akwai babbar foli ta Kaduna, akwai Hassan Usman a Katsina, akwai Hussaini Adamu ta tarayya a Kazaure. A duba kuɗin makaranta, domin makarantun jiha sukan bambanta ɗan jiha da wanda ba ɗan jiha ba, a kuma duba inda ake da ɗan'uwan da za a sauka wurinsa.

Na uku, ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB. Tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar CAPS yake bi. Makaranta ce ke miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga ya danna karɓa. Wanda ya cike fom yana jiran sakamako, in sakamakon ya fito dole ya koma cibiya a ɗora masa. In bai yi ba, makaranta ba za ta iya miƙa sunansa ba ko da ya cancanta.

Na huɗu, layin waya. Tun 2021 da lambar NIN ake rajista, kuma layin da ka yi rajista da shi shi ne shaidarka a wurin JAMB. Kada a yi da layin mai kafe, kada a yi da na aboki, kada a bari ya ɓata. Haka adireshin imel da kalmar sirri, a rubuta a ajiye a gida.

Na biyar, a riƙa leƙawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin lokacin da ake sakin sunaye yakan faɗo daidai da aikin damina ko na kaka. Yaro yana gonar masara ko ta rake tun safe, a ƙauyen sabis sai an hau tudu, sai mako uku ya wuce bai duba ba. Gurbin da aka ba ka yana da wa'adi, in ba ka karɓa ba ana iya ba wani. Ko ranar kasuwa ce, a ware ta a shiga gari a duba.

Tsanin foli: daga ND har zuwa MBA

Da yawa suna ganin shiga foli faɗuwa ce. Bari in shimfiɗa tsanin yadda yake, kowa ya auna da kansa.

Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tsara karatun foli. Ƙaramar difloma, wato ND, shekara biyu ce, da 'yan watanni na koyon aiki a tsakani. Ana auna sakamako a kan maki 4.00. Daga 3.50 zuwa sama shi ne mataki mafi girma, 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, 2.00 zuwa 2.49 wucewa kawai.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai babban kiredit zai iya sayen fom ɗin shiga kai tsaye, wanda muke kira DE, ya nemi aji biyu na jami'a ba tare da ya sake zama UTME ba. Ko kuma ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki ya dawo babbar difloma, wato HND, shekara biyu, wadda ake nema da aƙalla ƙaramin kiredit. Mai HND na cikakken lokaci yana zuwa bautar ƙasa in bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama.

Bayan HND akwai difloma ta gaba da digiri, PGD, a fannin gudanarwa. Ita ce gadar da mai HND ke bi ya shiga digiri na biyu na kasuwanci, wato MBA, a irin Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero ko takwararta ta Ahmadu Bello. A wannan mataki abin da ake dubawa shi ne sakamakon difloma ko digiri, kiredit ɗin sakandare, takardar bautar ƙasa da ƙwarewar aiki. Ko 140 ka ci ko 280 a shekarun baya, ba shi ne abin awo ba.

Haka ma a ƙasashen waje. Makarantun kasuwanci na Amurka da Ingila suna da tasu jarrabawar, GMAT, wadda sabon tsarinta ke tashi daga 205 zuwa 805. Su ma ba ita kaɗai suke kallo ba. Suna duba aikin da mutum ya yi, wasiƙun waɗanda suka san shi a wurin aiki, da bayanin da ya rubuta a kan abin da yake son cimmawa. Mai ƙaramin maki yakan cike giɓin da ƙarfin sauran takardunsa, ko ya sake zama. Ka ga ko'ina dabarar ɗaya ce.

Ba zan ɓoye muku ba, har yanzu akwai wuraren aiki da ke fifita mai digiri a kan mai HND. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Wanda burinsa digiri ne, to tun zangon farko na ND ya sa 3.00 a gaba. A nan ne nake jan kunnen 'yan ajin farko da ke karanta wannan: makin da za ku samu a zango huɗun nan ya fi makin JAMB ɗinku tasiri nesa ba kusa ba. Wanda ya yi wasa da zangon farko, ɗaga shi daga baya aiki ne ja.

Sauran hanyoyi

Akwai IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa. Kusan shekara guda ake yi ana karanta darussa uku, wanda ya ci da kyau ya nemi aji biyu ta hanyar DE. Ana yin sa a kwalejin share fagen shiga jami'a ta Kano da aka fi sani da CAS, da wasu makarantu da aka amince da su. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da makarantar share fage a Funtuwa, wadda ba ta yi wa mutanen Rogo nisa ba. Sai dai karatun yana da zafi, kuma gurbin DE ba shi da yawa, don haka ba wurin hutawa ba ne. A tabbata cibiyar da za a shiga tana cikin jerin waɗanda aka amince da su.

Akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda kiredit biyar take nema, ba ta dogara da makin UTME ba. Ta dace da wanda ke riƙe da shago ko aiki, ko matar aure. Amma tana son mutum mai iya zaunar da kansa ya yi karatu ba malami a kansa, da waya ko kwamfuta mai intanet.

Ga mai sha'awar akanta, cibiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN tana da shirin ATSWA. Da kiredit biyar ake shiga, har da Turanci da Lissafi, ba ruwansa da JAMB. Mataki uku ne, kuma ana iya haɗa shi da karatun ND.

Sai sake zama JAMB. Wannan ya dace da wanda shekarunsa ba su ja ba, takardar sakandarensa ta cika, kuma ya san takamaiman abin da ya kayar da shi. In kwamfuta ce, ya nemi inda zai riƙa taɓa ta, ya saba da maɓallan A, B, C, D na amsa, da N na gaba da P na baya, ya kuma yi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa. In Lissafi ne, ya nemi malami tun da kaka, kada ya bari sai saura wata guda. A darasi mai tambaya 40, in ka yi lissafi sama-sama kowace tambaya tana ɗauke da maki biyu da rabi. Ƙarin amsa huɗu daidai a kowane darasi cikin ukun nan ya kai maki 30. Tazarar da ke tsakanin 150 da 180 ke nan. Shawarata dai, in an samu gurbi a foli a karɓa. Shekara tana da tsada, musamman ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda zaman jiran shekara ɗaya kan zama ƙarshen maganar karatunsu.

Hattara da 'yan "kawo a gyara maka"

Lokacin fitowar sakamako kakar 'yan damfara ce. Wani zai ce yana da mutum a ciki da zai ɗaga maka maki daga 150 zuwa 250. Ƙarya ce. Takarda kawai zai buga maka, makin da ke rumbun JAMB yana nan yadda yake, kuma ranar tantancewa kai za a kama da takardar bogi. Wani kuma zai ce ka biya a sa ka a aji, takardar JAMB ta biyo baya. Duk gurbin karatu na cikakken lokaci da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba. Sai ka gama shekara biyar, lokacin tafiya bautar ƙasa a nemi sunanka a rasa. Kuɗin da aka sayar da buhunan masara ko ɗan bijimi aka tara ya tafi a banza.

Haka kuma a bambance karatun cikakken lokaci da na wucin gadi, wato na yamma ko na ƙarshen mako. Na wucin gadi halal ne kuma yana da amfani ga ma'aikaci, amma wanda ya gama ta nan ba a tura shi bautar ƙasa. Sannan a tambaya ko difloma ta ƙasa ce da NBTE ta amince da ita, ko kuwa ta cikin gida ce da makaranta ta ƙirƙira, domin ba kowace ake karɓa a HND ko DE ba. A yi tambayar kafin a biya ko sisi.

Bin hanyar da ta dace yana da wata riba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, har da foli, ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Daga cikin abin da yake nema akwai lambar JAMB, NIN da BVN. Wanda ya shigo ta bayan gida ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Kada lokacin jira ya tafi a banza

Kasuwanci fanni ne da ake iya fara koyonsa tun kafin a shiga aji, kuma yankinmu cike yake da wurin koyo. Ga masu noman rani da masunta a bakin madatsar ruwan Challawa, ga masu rake, ga masu sayen hatsi da kaka su adana su kai Dawanau. Mai jiran gurbi ya sayi littafi na 'yan nairori ya roƙi babansa ko kawunsa ya bar shi ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita: kuɗin taki, na ƙwadago, na mota, na dako, na dillali, da bashin da ke waje. In kaka ta yi ya zauna ya fitar da ainihin abin da buhu ɗaya ya ci, ya gwada da farashin da aka sayar. Zai yi mamakin yadda abin da ake kira riba yake raguwa in an lissafa komai.

Wannan shi ne abin da za a koya masa a darasin akanta na zangon farko, sai dai da Turanci. A ajinmu na lura waɗanda suka taɓa riƙe littafin shago sun fi saurin gane darasin, domin sun san abin da lambobin ke nufi. Kuma ranar da za a nemi MBA, shekarun da mutum ya yi yana juya dukiya abin faɗa ne.

A taƙaice, wanda makinsa ya kai 100 kuma kiredit ɗinsa biyar sun cika, ya duba katof ɗin foli na bana, ya canza zaɓi, ya ɗora sakamako, ya riƙa leƙa CAPS. Wanda kiredit ɗinsa bai cika ba, ya fara da wannan. Wanda ya ƙudurta sai jami'a, ga DE ta hanyar ND ko IJMB. Mu kuma da muke ciki, nauyi ne a kanmu. In mun je hutu mu leƙa makarantun da muka fito, mu zauna da 'yan ajin ƙarshe ko na awa ɗaya ne, mu duba musu darussan da za su cike kafin su je kafe. Iyayenmu da yawa ba su bi ta wannan hanya ba, ba za su iya nuna ta ba. Mu ne muka bi.

Allah Ya ba ƙannenmu gurbi mai albarka, Ya sa mu gama lafiya. Amin.